Tubalin wasan yara da kilomita 3.5: ta yaya zan koyar da wannan a aji?

Malam_Fizik_Garwa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Na zo da wata matsala, ku taya ni. Ina koyar da fizik a ajin Seconde C, wato ajin farko na babbar sakandare ɓangaren kimiyya, a wata lise a nan Garwa ta Kamaru. Makon jiya muna kan darasin nauyi da ƙarfi, sai wata yarinya daga bencin baya ta ɗaga hannu ta ce: Malam, tubalan roban nan da ƙanena ke wasa da su, in aka yi ta ɗora ɗaya kan ɗaya, guda nawa za a jera kafin na ƙasan ya murƙushe? Wallahi sai na yi turus. Na ce ta ba ni mako guda.

Da na bincika sai na tarar ashe an taɓa gwadawa. A 2012 BBC ta kai wannan tambaya jami'ar Open University ta Ingila, Dokta Ian Johnston da abokan aikinsa suka sa tubalin Lego mai haƙora huɗu, biyu da biyu, a injin matsa. Bai saduda ba sai da ƙarfin ya kai niyuton 4,240, kamar ka ɗora masa kilo 432 ke nan. Shi kuwa tubalin gram 1.152 ne kacal. In ka raba za ka sami guda 375,000, suka ce hasumiya mai tsawon kilomita 3.5.

Damuwata ita ce in na rubuta wannan a allo za su kwafe, su haddace, su manta. Ɗalibaina 84 ne, tubalan da na tattaro daga gidajen 'yan'uwa ba su wuce 150 ba. Yaya zan yi darasin ya zauna?

ƊanKusuri:
Wa alaikumus salam. Kilo 432?! Yau na gane dalilin da ya sa ranar da na taka shi da asuba zan fita masallaci ƙafata ce ta ji jiki, shi ko gezau.

Lissafi_Dole:
Allah gafarta Malam, akwai ɗan gyara. Tsayin tubali ɗaya milimita 9.6 ne. 375,000 sau 9.6 ya ba ni milimita 3,600,000, wato mita 3,600. Kilomita 3.6 ke nan, ba 3.5 ba. Mita ɗari ba abin yarwa ba ne. Ni da ni ne kai, ba zan gyara ba, zan ba su lambobin yadda suke in ce akwai abin da bai daidaita ba, su nemo. Yaro in ya kama kuskuren manya ba ya mantawa har ya tsufa.

Kuma ka kula da ɗigo. Yaranmu sun saba da waƙafi irin na Faransanci, in suka ga 1.152 wasu za su karanta gram dubu ɗaya da ɗari da hamsin da biyu. Ka rubuta musu 1,152 g yadda suka saba, ka faɗa da baki: gram ɗaya da ɗan ɗoriya.

Malama_Domayo:
Malam sannu da ƙoƙari. Ni ajin ƙasa nake koyarwa a Marwa, kuma na lura lamba ba ta shiga kan yaro sai an jingina ta da abin da ya sani. Kilo 432 buhun siminti takwas ne da rabi da 'yan kai, tunda buhu kilo 50 ne. Ka ce su rufe ido su ga buhu takwas na simintin Figil a kan abin da bai fi kan babban yatsa ba. Tsawon kuma, Emi Kusi na Tibesti, dutse mafi tsawo a Chadi, mita dubu uku da ɗari huɗu ne da ɗoriya, to hasumiyar ta ɗara shi. Amma ba ta kamo Dutsen Kamaru na Buya ba, shi ya haura mita 4,000.

Maso_Yagwa:
Ku gafarce ni malamai, ni ban yi boko mai nisa ba, ɗana ne ya sa ni a wannan zauren. Shekarata 31 ina gini. Wannan lissafin naku ginin tubalin toka ne. Ban taɓa ganin katangar da ta faɗi don bulon ƙasa ya murƙushe ba. Katanga ciki take yi, ko ta sunkuya, sannan ta kwanta, kuma in ka je ka duba bulon gindin lafiyarsa lau, sai ka kankare shi ka sake gini da shi. Ku jera abin nan ɗaiɗai ku gani in zai kai tsawon ƙofa.

ƊanKusuri:
Baba Maso ya zo da guduma ya rushe kilomita uku da rabi cikin layi huɗu.

Injiniya_Dang:
Baba Maso, ranka ya daɗe, abin da ka faɗa shi ne ainihin darasin, kuma shi muke yi wa ɗalibai a shekarar jami'a ta biyu da alli da gumi.

Ginshiƙi yana da hanyar mutuwa biyu. Ta farko, abin da aka yi shi da shi ya gaza, ya murƙushe ko ya lotse. Ita ce aka auna a Ingila, kuma ko a can tubalin bai tarwatse ba, lotsewa ya yi ya baje, don irin robar da ake yin sa da ita, wadda ake kira ABS, tana bajewa kafin ta fashe. Ta biyu, ginshiƙin ya lanƙwashe gefe alhali ko ƙwarzane babu a jikin kayan. Dogon abu siriri ta hanya ta biyu yake mutuwa, tun kafin ta farko ta matso kusa.

Masanin lissafi Euler ya yi lissafin wannan tun 1744: nauyin da ginshiƙi zai ɗauka kafin ya lanƙwashe yana raguwa da tsawonsa sau tsawonsa. Ka ninka tsawo biyu, abin da zai ɗauka ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. A 1881 kuma wani Bature mai suna Greenhill ya warware tambayar da ta fi dacewa da tamu: sandar da ba a ɗora mata komai ba, nauyin kanta kaɗai, a wane tsawo za ta sunkuya?

Na zauna jiya da dare na saka lambobin tubali biyu da biyu a lissafinsa: faɗi kusan milimita 16, cikinsa rami, kowace mita ta hasumiyar gram 120. Na ma yi masa alfarma, na ɗauka kamar an manne tubalan sun zama sanda guda, an kuma kafe gindin a ƙasa. Abin da ya fito mini tsakanin mita 3 da 4 ne. Mita fa, ba kilomita ba. Ƙiyasina ne, kowa na iya sake bi, amma ko na yi kuskure da ninki biyu, tazarar da ke tsakanin amsoshin nan ta haura sau ɗari huɗu.

To Malam, yarinyar ta yi tambaya ɗaya, amsa biyu ce. Kar ka ba ta ɗaya ka ɓoye ɗaya.

Malam_Fizik_Garwa:
Injiniya, Allah ya ƙara basira. Amma lissafin Greenhill ya fi ƙarfin 'yan Seconde, ko tushen lamba na uku ba su gama sabawa da shi ba.

Injiniya_Dang:
Ba sai sun ga lissafin ba. Ka aika a samo maka karan dawa, ko na masakwa, dawar rani, tunda yanzu ake girbinta. Ka yanka gaɓa ɗaya gajeriya, ka ce ƙaton ajin ya danna ta a tsaye da tafin hannu. Ba zai iya ba, sai dai hannunsa ya yi shaida. Sannan ka ba yarinya mafi ƙanƙanta cikakken kara ta danna daga sama, nan take zai gantsare. Kara ɗaya, kauri ɗaya, tsawo ne kawai ya bambanta. Gani ya kori ji.

Bappa_Gidar:
To ai maganin mai sauƙi ne. A faɗaɗa ginin. In aka jera layi huɗu ko goma a haɗe, nauyin ya rabu, sai a wuce kilomita 3.6 ɗin ma, a kai goma.

Lissafi_Dole:
Bappa a nan ka zame. In ka jera layi goma kuma kowane layi ya tashi har sama, kowane tubalin gindi yana ɗauke da nasa 375,000 ɗin. Ka ƙara masu ɗauka goma, ka ƙara kaya goma. Faɗaɗawa tana maganin sunkuyawar da Baba Maso ya faɗa, ba ta taɓa iyakar murƙushewa. Abin da ke ɗaga wannan iyakar shi ne gindi ya yi faɗi, sama ta tsuke, yadda tubalan ƙasa da yawa za su raba kayan sama kaɗan.

Bappa_Gidar:
Na karɓa. Ashe shi ya sa dalar Masar take haka.

'YarPus:
Kuna ta zuwa Masar, ga abu a ƙofar gida. Ni 'yar Pus ce, kakata Musgum ce. Ɗakunanmu na gargajiya, tolek, laka ce zalla, babu azara, babu ƙarfe, babu ko ginshiƙi a tsakiya, kuma wasu suna kai mita 9. Gindin bango da kauri, yana hawa yana sirancewa, har ya haɗe a sama kamar ƙwai, a bar 'yar kafa ta hayaƙi. Zanen nan da kuke gani a jikinsu ba ado ne kawai ba, matakala ce ta hawa yin yaɓe, kuma yana raba ruwan sama. Masu zanen gini sun ce siffar ta yi kusa da ta sarƙar da aka rataye aka juya ta sama, shi ya sa laka ke shan danni kawai, ba a ja ta. Kakata ba ta san Euler ba.

Malam, ka nuna musu hoton tolek kafin ka nuna musu Lego. Wasu cikin ɗalibanka jikokin masu ginin ne.

Maso_Yagwa:
'Yata kin faɗi gaskiya. Mu ma a ginin tubali na Hausa haka iyayenmu suka koya mana, gindin katanga ya yi kauri, kana hawa kana ragewa. Kuma ba a tashin ta rana ɗaya, sai an bar sahu ya sha iska. Mai gaggawa shi ke kwashe ƙasa sau biyu.

Injiniya_Dang:
Tunda an shigo laka, ga aikin gida da za ka ba su, Malam. Tubalin laka da ya bushe da kyau yakan ɗauki kamar kilo 10 zuwa 20 a kan kowane santimita murabba'i, curin laka mai mita ɗaya ta kowane gefe kuma yana yin wajen kilo 1,700. Da irin rabawar da ka yi wa Lego za su sami mita 60 zuwa 120. Sai ka tambaye su: hasumiyar masallacin Agadas, wadda ake ji da ita a ginin laka, mita 27 ce, dogayen gidajen laka na garin Shibam a Yaman wajen mita 30. Me ya hana magina kaiwa 100? A nan za su kawo ruwan sama, iska, damshin gindi, tsagewa, da tsoron Allah na magini wanda ba ya son ɗakinsa ya faɗa kan mutane. Duk amsoshi ne masu kyau.

Baban_Ikram:
Ni fa uba ne, ba malami ba, kuma zan faɗi abin da ba za ku so ba. Yaran nan baɗi jarrabawar Probatoire ke gabansu, bayan ta Bac ta kammala sakandare. Wace takardar jarrabawa ce ta taɓa tambayar tubalin wasa? Manhaja ba a gama ta, kullum sai an shiga watan Mayu ana gudu. Kuɗin makaranta muke biya a koya musu abin da zai fito, ba a tara su ana wasan 'yan nazire ba.

Malama_Domayo:
Baban Ikram, Allah ya huci zuciyarka. Duba abin da ke cikin wasan: sauya gram zuwa kilo, milimita zuwa kilomita, P = mg na juya kilo zuwa niyuton, daidaituwar abu a tsaye, cibiyar nauyi. Duk suna cikin manhaja, kuma a sauya ma'auni ne yara suka fi zubar da maki. Tsarin APC, wato koyarwa ta hanyar ƙwarewa, da ma'aikatar ilimin sakandare ta ɗora mana ma cewa yake a fara darasi da matsala daga rayuwa. Sau nawa muke ƙirƙiro matsalar ƙarya, wai wani manomi yana son sanin saurin amalankensa? Yau ga yarinya ta kawo ta gaske da bakinta.

Baban_Ikram:
In awa ɗaya ce na yarda. In ya zama mako biyu ana jera roba, za ku gan ni a taron iyaye.

AbbaNjamena:
Gaisuwa daga ƙetaren Logon. Abu biyu. Na farko, gwajin Ingila a ɗaki mai sanyi aka yi shi, cikin ɗan lokaci. Ku kawo hasumiyar nan Njamena a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40 a inuwa, ku bar ta a rana. ABS ba ta yin laushi sosai sai wajen digiri 105, amma roba in tana ɗauke da kaya ga zafi, a hankali take lotsewa, kamar kujerar roba da ƙafafunta ke buɗewa bayan shekara biyu a tsakar gida. Abin da ya ɗauki kilo 432 na minti ɗaya ba lallai ya ɗauke shi shekara ba.

Na biyu, wane tubali ne a hannunka Malam? Yawancin na kasuwanninmu ba Lego na Danmak ba ne, kwaikwayo ne. Wasu suna kamawa da kyau, wasu kamar haƙorin tsoho.

Malam_Fizik_Garwa:
Gauraye ne Abba. Kamar 40 na asali ne, daga kayan gwanjo, akwai sunan a kan kowane haƙori. Sauran na kasuwa ne.

Lissafi_Dole:
To ka samu gwaji kyauta. Ka ware su, a jera 40 na asali gefe, 40 na kasuwa gefe, a sa zare da dutse a auna wanne ya fi karkata. Kuma kar ka ba su 9.6 da 1.152 a hannu. Su auna. Wanda ya auna tubali ɗaya da haƙoransa zai sami sama da milimita 11, ya manta haƙori yana shigewa cikin na sama. Mai wayo zai jera goma ya auna ya raba. Nauyi ma haka, sikelin mai tumatir ba zai ji gram ɗaya ba, amma zai ji guda ɗari.

Maman_Walid:
Ni tambayata daban. Waɗanda ba su da tubalan fa? A ƙauyen da nake koyarwa ko guda ɗaya yara ba su taɓa gani ba.

ƊanKusuri:
Dunƙulen magi, Hajiya. Sai dai ki ƙirga kafin ki ƙirga bayan darasi.

Malama_Domayo:
Kwalin ashana ya fi, ko murfin kwalba, ko sabulun wanki mai kusurwa huɗu in mai kanti zai ba da aro. Amma ki sani su ba sa kama juna, to abin da za ki nuna da su shi ne cibiyar nauyi: muddin tana saman gindi abu na tsaye, ta fita ya kife. Shi kuwa Lego sirrinsa bututun da ke cikinsa wanda ke cije haƙoran na ƙasa, a 1958 kamfanin ya yi rajistar wannan dabara. Kafin nan nasu ma zubewa suke yi.

Ustaz_Ngawundare:
Akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya tun farkon zancen nan. Kowa na cewa nauyi. Kilo 432 nauyi, niyuton 4,240 nauyi. A aji muna dukan tebur muna cewa da Faransanci masse, mai kilo, daban, poids, mai niyuton, daban, amma da yaro ya koma Hausa a ransa sun zama abu guda. Me za mu kira su?

Injiniya_Dang:
Ni nakan ce masse yawan abu, poids kuma jan ƙasa.

Ustaz_Ngawundare:
Yawan abu zai rikice da girma. Buhun auduga ya fi bulo yawa a ido.

Lissafi_Dole:
A bar wa masse nauyi tunda shi kasuwa ta sani da kilo, a ce wa poids danni. Abin da tubalin ƙasa ke ji ai danni ne.

Ustaz_Ngawundare:
To pression kuma fa, wato ƙarfin da ke kan kowane santimita murabba'i? Ita ma danni ce. Kun ga inda gizo ke saƙar.

Bappa_Gidar:
Ku bar wannan, ba za ku gama yau ba. Ni so nake in ji, a zahiri mutane sun kai mita nawa?

AbbaNjamena:
A 2015 an gina wata a birnin Milan na Italiya, mita 35.05, ta shiga kundin Guinness a lokacin. Ba layi ɗaya ba ce, mai faɗi ce, sassa-sassa aka haɗa a ƙasa ana ɗagawa da ƙugiya, ga wayoyi an ɗaure ta saboda iska. Kwatanta da 3,600: kashi ɗaya cikin ɗari ma da ƙyar.

Maso_Yagwa:
To kun ji. Da injin ɗagawa da wayoyi da Turawa, mita 35. Agadas da hannu da laka, 27.

Malam_Fizik_Garwa:
Jama'a na dawo da rahoto, jiya Alhamis muka yi. Na raba su rukuni bakwai. Na fara da tambayar yarinyar, na ce kowa ya rubuta hasashensa a takarda kafin a taɓa komai. Mafi yawa sun ce tsakanin 200 da 1,000. Ɗaya ya rubuta miliyan, aka yi masa dariya, daga baya shi ya fi kowa baki.

Suka auna, suka raba. Rukuni biyar sun sami mita 3,600, biyu sun ɓace a sauya milimita, ɗaya ma ya kawo mini kilomita 3,600, na ce to ka wuce Makka. Kuskuren 3.5 kuwa wata yarinya ce ta kama shi, Lissafi_Dole ka ga fuskarta da ka yi murna.

Sai na ce tunda kun ce kilomita uku, bisimilla, ga tubali. Muka jera a kan siminti. Daga wajen 70 ta fara rangaji kamar maye. A 118 wani ya buɗe ƙofa, iskar hunturu ta shigo, shi ke nan. Mita ɗaya da santimita 13. Na ɗauko tubalin gindi na zagaya da shi benci benci, ko tabo babu. Ajin ya yi tsit, sannan gardama ta ɓarke, wasu na cewa lissafi ƙarya ne. A nan na fito da karan dawa.

Lokaci ya ƙare ban kai ga tolek ba, 'YarPus ki yi haƙuri, sai Litinin. Baban Ikram, awa biyu ce, ka yafe ɗaya.

Baban_Ikram:
Na yafe. Amma waɗanda suka ce lissafi ƙarya ne, ka tabbata ka dawo da su hanya kafin su kai wannan magana gida.

Injiniya_Dang:
118 bai yi nisa da abin da na zata ba, tunda gindin ba a kafe yake ba kuma gaɓoɓin suna motsi. In ka sake, ka kafa na farko a kan faranti mai faɗi, ka rufe tagogi, ka ga ko za a ƙara.

Malam_Fizik_Garwa:
Zan gwada, sai dai tubalan 150 ne duka. Kuma yarinyar nan ta sake ɗaure ni a bakin ƙofa: wai in a duniyar wata aka jera fa?

Lissafi_Dole:
Jan wata kashi ɗaya cikin shida ne na ƙasa, to iyakar murƙushewa ta ninka shida, sama da kilomita 21. Kuma babu iskar da za ta shigo ta ƙofa.

Injiniya_Dang:
Ta murƙushewa ke nan. Ta sunkuyawa ba ta ninka shida, tushen shida na uku ne, wajen 1.8. Mita uku da rabi ta koma shida da ɗoriya.

Ustaz_Ngawundare:
Kun ga abin da nake faɗa? A wata masse bai canja ba, poids ne ya canja. Ku faɗa mini wannan jimlar da Hausa ba tare da kun ce nauyi sau biyu ba.

Maso_Yagwa:
Malam, ranar Litinin ƙarfe nawa ne darasin? Ina da aiki a Garwa makon gobe, wajen Rumde Ajiya. In shugaban makarantarku zai bari, zan zo da zarena da tubalin laka guda biyu, ɗaya busasshe ɗaya na jiƙa masa gindi, yaran su hau su gani.